Babban Yatsan Ulises

Shafi na 23

Masu tambaya ko Ulises ya karye a wasan da ya wuce: bai karye ba, kashi kawai suka sha. Ku karanta.

*

Ranar Litinin da safe Don Nicanor bai ba Leobardo kujera ba.

Tsohon shi ne babban kocin Kunamu, ƙungiyar ƙwallon Amurka ta jami'ar nan ta bayan garin Saltillo. Tun kafin a haifi yaran da ke sa hular kwano suna karo da juna a filinsa yake wannan aiki. In ya bar mutum a tsaye, to maganar ba mai tsawo ba ce.

Leobardo Cepeda ya tsaya riƙe da kofinsa. Shi ke tsara wa ƙungiyar hari: wa za a danƙa wa ƙwallo ya rungume ta ya kutsa, wa za a jefa wa, wa zai tare hanya.

Don Nicanor ya ce ya gaji da ganin yaro ɗaya a wuri uku. Yanzu Ulises na bayan mai jifa yana jiran a miƙa masa, an jima yana can gefen fili yana jiran a jefo, can kuma shi ne ma mai jifar. Kuma duk inda aka ajiye shi sai ya tarar da ƙarti uku suna jiransa kamar an aika musu katin gayyata.

"Asabar muna da Maƙera," in ji shi. "In suka sake cafke shi haka, na miƙa shi ga Ausencio, kocin tsaro. Ya koma tsaro."

"Don Nicanor, yaron nan ba ɗan tsaro ba ne."

"Yanzu ai ba ɗan komai ba ne. Kai ka yanka shi uku."

Ya jawo jarida ya buɗe. An gama kenan.

Leobardo ne ya ɗauko Ulises Saucedo daga wani ƙauyen makiyaya a hanyar Monclova. A makarantarsu 'yan wasa ba su cika ba, don haka yaron ya saba yin aikin kowa. Ga gudu. Ga cafke ƙwallo da hannu ɗaya. In ta kama ya jefa, sai ya aika ta nesa ko leɓe bai cije ba. Tun ranar farko ya faɗa wa Leobardo cewa shi ɗaukar ƙwallo ya zo yi, ba bin bayan mai ɗauke da ita ba.

Lissafin Leobardo ba mai wahala ba ne. In abokan karawa ba su san abin da yaron zai yi ba, dole hankalinsu ya rabu.

Amma sun sani. Kullum sun sani.

Abin da ya hana shi sakat kenan. Ba ma barazanar tsohon ba. Ta yaya suke sani?

Ya shiga ɗakin bidiyo ya ja labule. Ya kunna wasan da ya wuce, da wanda ya gabace shi. Ya kalli ƙafafun Ulises, ko yana sa ɗaya gaba in ƙwallo tasa ce. Ba ya yi. Ya kalli kafaɗunsa. Ya kalli inda yake kai ido. Ya kalli safar hannunsa, ko yana sassauta ta in zai yi jifa. Ya bar shi ya koma kan ƙartin da ke tare masa hanya, ko akwai mai jingina gaba in za a kutsa. Babu.

Abu ɗaya ne ya fito fili. In an sa Ulises ya yi gudun banza don ya ja hankali, ko kallonsa ba a yi. In kuwa ƙwallo tasa ce, 'yan tsaron sun riga sun matso ɓangarensa tun ba ta motsa ba.

Tun ba ta motsa ba.

Ya mayar da hoton baya don ya ga lokacin da suka fara matsowa. Hoton ya ƙi komawa. Mai yanka bidiyo yakan fara kowane hari ne daga inda yara suka riga suka jeru a layi. Abin da ya gabaci wannan, ɓata lokaci ne, zubar da shi ake yi. Haka kowace ƙungiya ke yi, haka Leobardo ya taras, haka yake kallo shekara da shekaru.

Ya zauna yana kallon hoton da ya tsaya cak. Duk abin da suke gani, ya faru ne a wurin da aka yanke.

*

Ranar Talata wurin atisaye ya ce wa Matías, mai jifan ƙungiyar, ya kira duk harin da ya ga dama. Shi kuwa ya zaga ta bayan fili ya je ya tsaya bayan 'yan tsaro.

Ausencio Treviño, kocin tsaro, ya juyo da ƙaton cikinsa da usur a wuya. Shi ya riƙe 'yar Leobardo ranar da aka yi mata baftisma, tun daga nan ba sa kiran juna da suna sai dai kompadre.

"Kompadre, ɓatan hanya ka yi? Gidanku na can ƙetare."

"Inuwa na zo sha."

"A filin nan? Inuwar cikina ce kawai, kuma ba ta haya ba ce."

Yaran suka yi dariya. Leobardo bai yi ba.

Kafin kowane hari 'yan wasa sukan haɗa kai a da'ira, mai jifa ya raɗa musu abin da za a yi, su tafa, su watse zuwa layi. A daidai wannan lokacin idon Leobardo kullum yana kan 'yan tsaro, yana duba yadda suka jeru. Aikinsa kenan. Bai taɓa tsayawa ya kalli nasa yaran suna fitowa ba, balle ta gaba.

Suka tafa. Suka watse.

Ulises ya fito yana gyara safar hannu. Sai babban yatsansa na dama ya hau ƙirjinsa, daidai saman lambar rigar. Ya ja shi ƙasa. Ya ja shi gefe. Ɗan ƙaramin gicciye, bai kai faɗin tafin hannu ba. Ya kai yatsan bakin ƙarfen hularsa kamar mai sumba, ya sauke.

Hilario, jagoran 'yan tsaro, ya ce, "Amin." Ba da ƙarfi ba.

Mutum uku suka matsa hagu.

Matías ya miƙa wa Ulises ƙwallo. Ko taku biyu bai yi ba suka nannaɗe shi.

Leobardo bai motsa ba. Ya sha jin wannan amin ɗin daga nesa. Ya ɗauka cikin kalmomin sirrinsu ne, irin su lemo da jirgi da sauran shirmen da 'yan tsaro ke kira.

Hari na gaba Ulises ya fito hannunsa a sake. Ba gicciye. Ba amin. Ya sheƙa da gudu gefen fili yana ɗaga hannu kamar shi za a jefa wa, ba wanda ya bi shi. Ƙwallo ta tafi wani wurin.

Na gaba, yatsa ya hau ƙirji.

"Amin."

Leobardo ya juya ya kalli Ausencio. Ausencio na can yana binciken usur ɗinsa kamar yau aka saya masa.

*

Bai tare shi a gaban yara ba. Sai da rana, a rumfar Doña Chela da ke bakin ƙofar filin, inda suke cin gordita, wainar masarar nan da ake cusa wa haɗi a ciki, tun suna 'yan wasa su ma. Ya bari aka ajiye musu faranti.

"Tun yaushe?"

Ausencio ya ci gaba da tauna. Ya ce wa Doña Chela ta ƙaro masa ɗaya mai wake da cuku, kada ta yi rowar yaji.

"Tun yaushe, kompadre?"

"Satin farko."

"Wasa nawa muka sha kashi tun daga nan?"

"Kai ke da lissafi. Ni nawa yaran suna tare nasu."

Leobardo ya ture farantinsa. Ya tambaye shi ko shi ya kai wa na waje labari. Nan ne Ausencio ya daina tauna. Ya ce in da wani ne ya yi masa wannan tambayar, da haƙoransa na cikin miyar Doña Chela. Ya ce ba ya buƙatar faɗa wa kowa. Duk wanda ya tsaya inda Leobardo ya tsaya yau zai gani, kuma kowace Asabar mutum goma sha ɗaya ke tsayawa a wurin.

"Aikinmu kenan, kallon naku," in ji shi. "Kai ne ba ka taɓa kallon naka ba."

"Kai ka riƙe mini 'ya a majami'a."

"Na riƙe ta. Ba ta kai nauyin kayan da ka ɗora wa yaron nan ba."

"Shi ya sa ka yi shiru ana tattaka shi?"

Ausencio ya goge baki. Ya ce ba zai ɓoye ba, yana son yaron. Yaro mai irin wannan gudun da idon, in ya dawo tsaro shi zai riƙa buga mutane, ba shi za a riƙa bugawa ba. Ya ce a wurin Leobardo ya iya abu uku rabi-rabi, a wurinsa zai iya abu ɗaya har a san shi a babban birni. In Don Nicanor ya gaji ya miƙo masa shi, ba zai ce a'a ba.

"Wannan ɗaya kenan," ya ce.

"Akwai na biyu?"

"Akwai. Tashi ka je ka ce wa ɗan Rutilio Saucedo ya daina yin gicciye. Je ka. Ni ban da wannan bakin."

Doña Chela ta ajiye gorditar. Ta kalli ɗaya ta kalli ɗaya, ta ce in faɗa za su yi su matsa daga jikin kaskonta.

Leobardo ya tashi. Ausencio ya jawo farantin da ya bari.

*

Washegari kafin atisaye Leobardo ya kira Ulises gefe. Bai yi doguwar magana ba. Ya ɗora yatsansa a nasa ƙirjin, ya ja ƙasa, ya ja gefe. Ya ce, "Amin."

Yaron ya daɗe yana kallonsa. Kunnuwansa suka yi ja.

"Suna gani?"

"Kowa na gani. Ni ne na ƙarshe."

"Na ɗauka tsakanina da Allah ne, Koci."

Leobardo ya ce ya gwada bari, na yau kawai. Ulises ya gyaɗa kai. Yaro ne da ba ya musu.

Ya gwada. Ya fito daga da'ira ya dunƙule hannun dama ya manne shi a cinya. Hilario ya kalle shi, ya kalli Ausencio, bai kira amin ba. Ga hanya a buɗe, ba mai jiransa. Matías ya jefo masa ƙwallo mai sauƙi, irin wadda yake cafkewa yana hira. Ta buga masa a ƙirji ta faɗi.

Aka sake. Ya riƙe, amma da ya hango mai tahowa sai ya rufe ido ya tsaya. Yaron da ke ratsa mutane kamar ba ya ganinsu.

Aka sake. Ta zame.

Matías ya ce ko man shanu ya shafa wa hannun ne yau. Ba wanda ya yi dariya.

Bayan an tashi Leobardo ya same shi a benci yana warware bandejin idon sawu. Ya zauna kusa da shi. Ya ce to, bari ba zai yiwu ba, ya gani. Sai a juya abin. Ya riƙa yi a kowane hari, da nasa da wanda ba nasa ba, su rasa na kamawa.

Ulises ya girgiza kai.

"Me ya sa?"

"Ba a yin sa don ido."

"Wa ya ce?"

"Babana."

Sai ya ba shi labarin, yana magana yana naɗe bandejin a yatsa. Don Rutilio mahayin bijimai ne a bukukuwan ƙauyuka. Bai taɓa yin gicciye a cikin 'yan kallo ba, ko a bakin shinge. Sai ya hau gadon bayan bijimi, ya naɗe igiya a hannu, ana shirin buɗe ƙofa, sannan yake yi. Ƙarami, a ƙirji. Wata rana wani mai hoto ya ce bai samu ɗauka ba, ya sake yi masa. Ya sake, a tsaye a waje, yana murmushi, da hularsa a karkace. Da yammar ranar bijimi ya kwanta masa a ƙugu. Tun daga nan da sanda yake tafiya. Hoton na nan a gidansu, a kife cikin akwati.

Leobardo ba mai yawan zuwa majami'a ba ne. Matarsa ke zuwa, shi yakan jira a mota. A ransa ya ce bijimi ne ya ga dama ya kwanta. Bai faɗa ba.

Wani abu ne daban ya tsaya masa. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Ɗana, in ka yi, me kake roƙo?"

"Koci?"

"Ƙwallo kake roƙo? Ko cin wasa?"

"A'a." "Roƙo nake in tashi bayan sun faɗo mini."

"Shi kenan?"

"Shi kenan."

Leobardo ya kalli filin. Ana ta kwashe kayan atisaye.

"To a ce ka yi, kuma ƙwallon ba taka ba ce. Me Maƙera za su yi?"

"Za su zo."

"Su nawa?"

"Duk wanda ya gani."

"Su faɗo maka?"

Yaron ya daina naɗe bandejin.

"Za su faɗo."

"Fiye da kullum ma, don ba ka da ƙwallon da za ka gudu da ita. Tsayawa za ka yi ka karɓe su." Leobardo ya rage murya. "To a ina ƙaryar take?"

Ulises ya sunkuyar da kai.

"Koci, wannan wayo ne."

"Wayo ne."

"Maƙera za mu yi wa?" Ya ɗaga haɓa sama kaɗan. "Ko Shi?"

Leobardo ya kauce wa tambayar.

Sai ya ce masa ga yadda za a yi. Zai shirya hari ɗaya. Matías zai yi kamar ya miƙa wa Ulises, ya ɓoye ƙwallon a ƙugunsa, ya jefa wa Fermín, ƙaton nan mai nauyin ƙafa da ba wanda ke damuwa ya bi. Sau ɗaya zai kira shi ranar Asabar. In Ulises ya yi gicciye, to. In bai yi ba, ba zai taɓa tambayarsa dalili ba. Amma ya sani, in bai yi ba, ba wanda zai ruɗu, za a rufe Fermín, a danne Matías, Litinin kuma ya karɓi rigar tsaro a wurin Ausencio.

Ulises ya ɗauki hularsa ya miƙe.

"Babana zai zo ranar Asabar," ya ce.

Ya tafi.

*

Asabar da rana filin ya cika. Masu ganga na Kunamu a gabas, na Maƙera a yamma, hayaƙin naman gashi na tasowa daga inda aka ajiye motoci.

Wasan ya tafi yadda ya saba. Ulises ya fito, yatsa ya hau ƙirji, jagoran tsaron Maƙera ya daki hularsa sau biyu, suka matso, suka danne shi. Leobardo na gani yanzu. Yana gani, kuma ya ci gaba da ba shi ƙwallon. Kowace dannewa ƙara musu yarda take yi da abin da idonsu ke nuna musu. Ya san abin da yake yi.

Ausencio kuwa yaransa sun tsaya tsayin daka. Ba don su ba da tuni an gama.

Lokaci ya kusa ƙarewa Maƙera na gaba da maki huɗu. Kunamu suka turo har kusa da layin ƙarshe, suka maƙale. Sau uku suna gwadawa ana mayar da su. Saura dama ɗaya. In ƙwallo ta tsallake layin, sun ci. In ba ta tsallake ba, a tafi gida.

Don Nicanor ya matso, hannuwansa a aljihu.

"Kompadrenka ya riga ya auna wa yaron riga," ya ce. "Me za ka kira?"

Leobardo ya yi wa Matías alama.

Matías ya kalle shi. Ya sake kallonsa. Ya shiga da'ira.

Maƙera suna jeruwa, suna nuna wa juna wuri. Leobardo bai ko dube su ba. Karon farko a wasa na gaske idonsa na kan nasa yaran.

Suka tafa. Suka watse.

Ulises ya fito a hankali. Hannunsa na dama na lilo a gefensa. Bai dunƙule shi ba, bai ɗaga ba. Jagoran Maƙera ya zuba masa ido, hannunsa a sama kusa da hula yana jira.

Taku ɗaya. Biyu. Ba komai.

Ya kusa kaiwa wurin tsayuwarsa sai ya juya kai wajen 'yan kallo na gabas. Leobardo ya bi idonsa. Can sama, kusa da matakala, wani siririn mutum mai faffaɗar hula na zaune, ya ɗora haɓa a kan sanda.

Ulises ya dawo da kansa. Ya kalli mutum goma sha ɗayan da ke gabansa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga su.

Yatsan ya hau.

Ya ja ƙasa. Ya ja gefe. Ya sumbata.

Ba irin na kullum ba ne, na sauri. A hankali ya yi shi.

Jagoran Maƙera ya daki hula sau biyu. Ba uku ne suka matso ba. Kusan duk suka zubo ɓangare ɗaya.

Ƙwallo ta motsa. Matías ya juya, ya cusa hannu a cikin Ulises, ya zare. Ulises ya rungume iska da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya shiga tsakiyarsu. Bai kauce ba. Bai ko gwada ba.

Ƙarar karon har gefen fili. Na farko ya same shi a cinya, na biyu a haƙarƙari, sauran suka hau.

Can ɗaya ɓangaren Fermín na tsaye shi kaɗai bayan layi, yana ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Matías ya lulo masa ita. Ya kama da hannu biyu, ya manne ta a ciki, ya zauna a ƙasa don kada ta gudu.

Filin ya fashe.

Yara suka kwasa da gudu wajen Fermín. Masu ganga suka haukace. Wani ya watsa wa Leobardo ruwa a wuya. Don Nicanor ya fito da hannu ɗaya daga aljihu, ya dafa kafaɗarsa, ya sa baki a kunnensa don ya ji.

"Yaron naka ne. Ajiye shi a wuri goma in ka so."

Leobardo bai juyo ba.

Yana kallon tulin mutanen da ke tsakiyar fili. 'Yan Maƙera na tashi ɗaya bayan ɗaya, suna waige-waige, suna neman inda ƙwallo ta bi. Na sama ya tashi. Na ƙasansa ya tashi. Wani ya mirgina gefe yana zagi.

Na ƙarshe ya miƙe, ya kalli ƙasa. Bai tafi ba. Ya cire hularsa, ya fara ɗaga wa benci hannu, da sauri.

Ulises na kwance rigingine. Hannunsa na dama na kan ƙirji.

Leobardo ya jira ƙafa ta motsa. Ko gwiwa. Ko yatsan.

Ausencio ya zo ya tsaya kusa da shi. Ba ya tauna komai.

"Kompadre," ya ce a hankali. "Dubi matakala."

Mai faffaɗar hular ya riga ya miƙe. Yana saukowa, sanda gaba, ƙafa baya, mutane na ta tsalle a gefensa. Ba filin yake kallo ba.

Leobardo yake kallo.